Kantin maganin da ke tambayar sana'ar mutum kafin ya miƙa masa maganin mura

A tsakiyar hunturun da ya gabata, lokacin da hazo ya lulluɓe Kano har mutum ba ya iya hango ƙarshen layinsu da safe, ɗan ƙanena wanda yake kula mini da injin niƙa ya kamu da mura mai tsanani, irin wadda take zuwa da atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido. Ƙurar garin da yake shaƙa tun daga hantsi har zuwa la'asar ta ƙara tsananta abin, don haka na ɗauke shi muka tafi wani kantin magani da ke bakin babban titi, ba nisa da unguwarmu. Daga wannan rana zuwa yau na koma kantin sau huɗu, kuma abin da na gani a can shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan sharhi. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai abubuwan da zan yaba akwai kuma waɗanda zan kushe, kuma ba na so a ɗauki yabon a matsayin talla ko sukar a matsayin ɓatanci.

Kantin ba babba ba ne, amma tsaf yake. Akwai dogon benci guda ɗaya na masu jira, akwai firij da ke aiki da hasken rana saboda magungunan da ba sa son zafi, sannan an rataye lasisin hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna ta ƙasa a bangon da ke fuskantar ƙofa, inda duk mai shigowa zai gan shi. Kwalayen da na duba duk suna ɗauke da lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata a samu a kowane kanti mai rajista, saboda haka ba a kansu zan tsaya ba.

Abin da ya bambanta wurin ya faru ne a kan kanta. Yaron ya nemi Piriton da sunansa, kamar yadda kusan kowa yake yi idan mura ta kama shi, sai ma'aikacin ya zaro kati ɗaya ya ajiye. Kafin ya kai ga biyan kuɗi, masaniyar magungunan, wata mata mai natsuwa da ta ɗora farar riga a kan hijabinta, ta matso ta ɗora yatsa a kan katin ta ce, "Samari, wane aiki kake yi?" Ya ce, "Niƙa nake yi, Hajiya." Sai ta ɗauko kwalin ta juya bayansa, ta nuna masa wani layi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, ta ce ya karanta. Ya yi sakandare, don haka ya karanta ba tare da wahala ba: maganin yana iya sa barci, kuma wanda abin ya shafa kada ya yi tuƙi ko ya sarrafa injuna. Ta tambaye shi ko ya ga kansa a cikin wannan gargaɗi. Ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan na direbobin tirela ne da masu tuƙa katafila, da masu aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai. Ni ɗan ƙaramin inji ne da ni." Ta ce masa, "Injin da bel ɗinsa yake gudu a gefen ƙafarka, kana tura masara a bakinsa da hannunka, in ba shi ake nufi ba, wanne ake nufi?"

Na yi shiru a gefe, domin amsar da yaron ya bayar ita ce amsar da ni ma zan bayar da ni aka tambaya. Na shekara da shekaru ina ganin wannan layi a jikin magunguna, kuma duk lokacin da na karanta shi abin da yake zuwa mini a zuci shi ne wani ƙaton inji mai ɗaga kaya a tashar jirgin ruwa, ko wata na'ura a cikin masaƙa. Ban taɓa haɗa shi da injin da na saya da kuɗina na kafa a ƙofar gidana ba, alhali na san sarai yadda bel yake fizgar hannun riga ko bakin mayafi, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wani da ya rasa yatsa a bakin inji. Inji ba ya jiran mutum ya farfaɗo daga gyangyaɗi. Tsakanin lumshe ido da buɗe shi an riga an gama.

Daga hirar da muka yi da matar a wannan rana da kuma sauran ranakun da na koma, na fahimci cewa mutanenmu suna karanta wannan gargaɗi ta fuskoki daban-daban, kuma kusan kowace fuska tana kai mai karatun ga cire kansa daga ciki. Mai ɗan Turanci yana ganin kalmar injuna sai ya tafi can wajen manyan na'urori, musamman da yake wasu kwalayen suna ƙara kalmar da ke nufin masu nauyi. Wanda kuma ba ya karatun Turanci, idan aka karanta masa ya ji kalmar da ta yi kama da "mashin", sai hankalinsa ya tafi kan babur, domin a bakin Bahaushe mashin babur ne. Wannan fahimta ba ta kauce gaba ɗaya ba, tunda babur yana cikin abubuwan da ake nufi, sai dai tana barin tela mai keken ɗinki na lantarki, da kafinta mai zarton inji, da mai walda, da mai markaɗe, da manomin rani mai injin ban ruwa, kowannensu yana cewa shi ba mashin yake hawa ba. Ta ce mini ita a wajenta har mai hawa tsani yana gyaran waya, da mahauci mai sara da barandami, da matar da take suya a kan tafasasshen mai da goyo a bayanta, duk suna cikin waɗanda take yi wa magana, domin abin da gargaɗin yake karewa shi ne duk aikin da jinkirin daƙiƙa ɗaya zai iya jawo rauni a cikinsa.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma masu harshen da aka rubuta gargaɗin da shi ma sun yi tuntuɓe da ita. A shekarar 2011 aka sauya kalmomin gargaɗin da ake liƙawa a jikin magunguna a Birtaniya, bayan wani bincike da aka yi a Leeds inda aka gwada jimlolin a kan mutanen gari aka ga yadda suke fahimtarsu. Tsohuwar jimlar da take cewa kada a sarrafa injuna aka mayar da ita mai sauƙi, ta koma cewa maganin zai iya sa ka jin barci, kuma idan hakan ta faru kada ka yi tuƙi, kada ka yi amfani da kayan aiki ko inji. Ƙarin da aka yi na "kayan aiki" shi ne ya fi jan hankalina, domin shi ne ya shigo da kafinta da makaniki cikin maganar. Idan Bature a ƙasarsa yana bukatar a sassauta masa jimlar kafin ya gane da shi ake, ina ga mai niƙa a Kano wanda jimlar ta zo masa da baƙon harshe, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero?

Fuskar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta kalmar "idan". Gargaɗin yana cewa idan ka ji barci, sai mutum ya mayar da kansa alƙalin kansa. Yaron nan bai bar kanta ba sai da ya ce, "Hajiya, ni fa ba ya sa ni barci, na saba shan sa." Ban ga ta yi fushi ba, kuma ba ta ƙaryata shi ba. Ta ce mai yiwuwa ne idonsa ba ya rufewa, amma maganin yana rage saurin da hannu yake amsa umarnin ƙwaƙwalwa, kuma mutum ba ya jin wannan raguwar a jikinsa kamar yadda yake jin ciwon kai. Maganarta tana da tushe. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Iowa ta Amurka, inda aka sa mutum 40 tuƙi a cikin na'urar kwaikwayon mota bayan an ba su abubuwa daban-daban a lokuta daban-daban. An gano cewa miligiram 50 na difenhaidiramin, wanda ɗan uwan maganin da yaron ya nema ne kuma yana cikin wasu magungunan tari na ruwa, ya lalata tuƙinsu fiye da yadda giya ta lalata shi. An kuma gano cewa yawan barcin da mutanen suka ce suna ji bai nuna ainihin yawan lalacewar tuƙin nasu ba. Mutumin da ba zai taɓa kusantar giya ba saboda addininsa da mutuncinsa, yana iya haɗiyar ƙwayar mura da ruwan leda ya hau kan sitiyari da zuciya ɗaya, yana ganin garau yake.

Dalilin da ya sa waɗannan magunguna suke haka ba ɓoyayye ba ne, kuma na yaba da yadda ta yi bayaninsa a taƙaice ba tare da ta cika mu da kalmomin asibiti ba. Sinadarin da ke cikin Piriton, wato kulofeniramin, aikinsa shi ne toshe tasirin wani sinadari na jiki mai suna histamin, wanda shi ne yake haddasa atishawa da ƙaiƙayi. Sai dai shi wannan histamin ɗin yana da wani aiki a ƙwaƙwalwa, wato riƙe mutum a farke, kuma tsofaffin magungunan nan suna ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa su toshe shi a can ma. Sababbin da suka zo daga baya, irin su loratadin, ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa barcinsu bai kai na tsofaffin ba. Loratadin ta ba shi, miligiram 10 sau ɗaya a rana, maimakon ƙwayar miligiram 4 da ake maimaitawa bayan awa huɗu zuwa shida. Duk da haka ba ta ce masa ya sha ya tafi aiki kai tsaye ba. Ta ce ya fara sha da daddare, ya ga yadda zai wayi gari, domin jiki da jini ba ɗaya ba ne, kuma ko a cikin sababbin magungunan akwai irin setirizin wanda yake sa wasu mutane kasala. Ta kuma ce ya riƙa ɗaura takunkumi a wurin aiki, tunda ƙurar garin ce take tayar masa da murar.

Na tambaye ta ko ba zai yiwu ya sha Piriton ɗin da daddare kawai ba, tunda ya fi araha kuma da safe ai barcin ya wuce. Ta ce mutane da yawa haka suke ɗauka, cewa gargaɗin na awa ɗaya ne ko biyu bayan an sha, amma kulofeniramin yana daɗewa a jinin babban mutum, kuma ana iya tashi da magagi da mutuwar jiki washegari. Wannan batu na washegari babba ne a ilimin magunguna. A watan Janairun 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka rage adadin maganin barci mai suna zolfidem da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an gano cewa da safe sauran maganin yana nan a jininsu har ya kai ya shafi tuƙi. Game da al'adar da wasu direbobi suke da ita ta kora maganin mura da shayi mai kauri ko kofi ko goro kuwa, cewa ta yi waɗannan suna iya buɗe ido na ɗan lokaci, amma ba sa fitar da maganin daga jini.

A zuwana na biyu na tarar tana magana da wani direban adaidaita sahu da ya zo sayen haɗin maganin mura, irin wanda ake cusa sinadari uku a ƙwaya ɗaya. Ta nuna masa cewa a cikin haɗin akwai wannan sinadari mai sa barci, ko da yake sunan da ke gaban kwalin bai nuna hakan ba. Ya ce shi ba zai iya ajiye aiki ba, domin kullum sai ya kai wa mai keken balas. Ban ji ta yi masa wa'azi ba. Ta raba masa maganin gida biyu, ta ba shi farasitamol saboda ciwon kai da zazzaɓi, ta ba shi wanda ba ya sa barci sosai saboda hanci, ta ce idan ya kwana uku bai ji sauƙi ba ya je asibiti a duba shi. Wannan shi ne abin da na fi yabawa a aikinta. Gargaɗin da ke jikin kwali yana ɗauka cewa kowa yana da halin zaman gida har ya warke, alhali mai keke da mai niƙa idan ba su fita ba ba a ɗora tukunya a gidajensu, kuma duk shawarar da ba ta yi la'akari da wannan ba za a ji ta ne a watsar a bakin ƙofa.

Akwai kuma masu ɗaukar gargaɗin ta ɗaya ɓangaren, wato su tsorata har su daina shan maganin da rayuwarsu ta dogara da shi. Ni kaina na kusa shiga cikinsu. Ina shan maganin hawan jini, kuma bayan abin da na ji a kantin sai na koma gida na warware 'yar takardar da ke cikin kwalin, na ga an ambaci jiri da batun tuƙi, na fara tunanin ajiye shi a ranakun da zan yi tafiya. Da na gaya mata sai ta ce, "Baba, kada ka kuskura ka tsallake ko kwana ɗaya ba da sanin likitanka ba." Ta ce jirin irin wannan magani ya fi zuwa a farkon fara shan sa ko lokacin da aka ƙara adadinsa, ni kuwa na shekara uku a kansa ba tare da na ji komai ba, kuma hatsarin hawan jinin da ba a kula da shi ba ya fi wanda nake gudu. Ta ƙara da cewa haka abin yake ga masu farfaɗiya da masu ciwon sukari, waɗanda barin maganin zai fi jefa su cikin hatsari a kan titi.

Yanzu kuma ga inda kantin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Duk wannan kulawa da na bayyana tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya. A zuwana na uku, bayan sallar isha'i, matar ta riga ta tashi, sai samari biyu a kan kanta. A gabana wata yarinya ta zo da kuɗi a hannu ta ce an aiko ta sayen maganin ƙara cin abinci na ruwa, irin mai ɗauke da saifuroheftadin, wanda shi ma yana cikin dangin magungunan nan masu sa barci sosai. An sa mata a leda, an ba ta canji, ba wanda ya tambaye ta wa zai sha, balle a ce ta gaya wa mai shan kada ta hau keken ɗinki ko ta tsaya a kan wuta bayan ta sha. Na yi wa ɗaya daga cikin samarin magana, ya ce ai an rubuta a jiki. To, rubutun da ke jikin shi ne ɗan ƙanena ya karanta da bakinsa ya ce ba da shi ake ba.

Matsala ta biyu ita ce ta sayar da kati ba tare da kwali ba. Galibin masu zuwa ba sa iya sayen kwali cikakke, sai a zare musu kati ɗaya ko a ƙirga ƙwayoyi a zuba a 'yar farar ambulan, a ja layi uku a jiki alamar safe da rana da dare. Gargaɗin yana jikin kwalin da takardar cikinsa, su kuwa suna nan a kan kanta an bar su a baya. Ke nan mafi yawan masu shan maganin ba ma fahimtar gargaɗin suka kasa yi ba, ko ganinsa ba su yi ba. Wannan ba laifin kantin nan kaɗai ba ne, haka ake yi a kusan ko'ina, amma wurin da ya nuna ya san muhimmancin abin ya fi cancanta a tuhume shi a kai. Babu kuma ko layi ɗaya da aka rubuta da Hausa, na boko ko na ajami, a bango ko a jikin ambulan. Wani abokina ya taɓa nuna mini kwalin maganin Faransa da ya sayo a Maraɗi, a jikinsa akwai hoton mota a cikin alama mai kusurwa uku. Tun shekarar 2005 Faransa take amfani da wannan alama a mataki uku: ruwan ɗorawa yana nufin a yi hattara a karanta takardar bayani, ruwan lemo yana nufin kada a yi tuƙi sai da shawarar ma'aikacin lafiya, ja kuma yana nufin hatsari, kada a yi tuƙi sam. Wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane jar alama. Amma ko ita hoton mota kawai ta nuna, don haka na tabbata mai niƙa zai kalle ta ya ce shi ba shi da mota, sai an samu bakin da zai gaya masa.

Ta fuskar farashi, kayan kantin sun ɗan fi na ƙananan kemis na cikin unguwa tsada, kuma loratadin da aka ba yaron ya fi Piriton tsada nesa ba kusa ba, ko da yake ƙwaya ɗaya ce a rana. Jira ma akwai shi, musamman da hantsi, domin matar ba ta sallamar mutum da gaggawa, kuma na ga wasu sun gaji sun fita. Wurin tsayawar kuma a buɗe yake, duk abin da aka tambaye ka na bayanka yana ji, wanda hakan zai iya hana mace ko dattijo faɗin irin magungunan da suke sha a gida, alhali haɗuwar magunguna biyu masu sa barci, kamar maganin mura da tiramadol ko maganin barci, ta fi kowannensu shi kaɗai hatsari.

Duk da waɗannan, ga direba ko tela ko kafinta ko duk mai aiki kusa da abu mai juyawa ko mai kaifi, ina ganin tsadar da jiran sun cancanta, da sharaɗin ya je da rana lokacin da masaniyar magungunan take nan, kuma ya faɗi sana'arsa da bakinsa ko ba a tambaye shi ba. A zuwana na ƙarshe na roƙe ta abu biyu: ta sa samarin dare su riƙa yin wannan tambaya ta sana'a ga duk wanda ya nemi maganin mura ko na tari ko na ƙaiƙayi, sannan a yi hatimi na roba da za a riƙa bugawa a jikin ambulan da Hausa, mai cewa maganin yana sa barci, a guji tuƙi da inji da wuta. Ta ce batun samarin ta riga ta yi musu magana ba sau ɗaya ba, za ta kuma ƙara. Batun hatimin kuwa ta rubuta shi a bayan wata takardar rasit, ta ce za ta kai wa mai kantin.